Ɓawon marke ya kashe ƙwayoyin cuta a farantin gwaji: an samu magani ke nan?

Tambaya daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a Samaru: "Malam, a gidanmu ana dafa ɓawon marke a wanke gyambo, ana kuma sha idan ana gudawa. Shi na ɗauka a aikina na kammala digiri. Na jiƙa garinsa a metanol, na zuba mililita 0.1 mai ƙarfin miligiram 200 a kowace mililita cikin ramin faranti, na samu da'irar da ƙwaya ba ta tsiro ba a kewayen ramin, mai faɗin milimita 24, a kan bakteriyar Staphylococcus aureus, daidai da abin da maganin asibiti ciprofloxacin ya bayar. Ƙawata ta gwada marke ita ma, milimita 9 kawai ta samu. Wa ya yi daidai a cikinmu? Kuma zan iya rubuta cewa marke ya kai ciprofloxacin ƙarfi?"

Malama, Allah ya ba da sa'ar kammalawa. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don amsarta gajera ce: a'a, kada ki rubuta haka. Ɗauki biro ki yi lissafin da kanki. Mililita 0.1 na ruwa mai ƙarfin miligiram 200 yana ɗauke da miligiram 20, wato maikirogiram 20,000. 'Yar takardar ciprofloxacin da kika ɗora a gefe maikirogiram 5 ne kacal a jikinta. Kin zuba ninki 4,000 na marke kafin da'irarsa ta kamo ta ciprofloxacin. Wannan ba kunnen doki ba ne. Abin da sakamakonki ya nuna shi ne akwai wani abu a ɓawon da yake damun wannan ƙwayar a cikin faranti, kuma ya cancanci a bi sawunsa. Iyakarsa ke nan a yanzu.

Tambayarki ta farko ita ce mai tsawo. Mai yiwuwa ku duka kun auna abin da ke gabanku da gaskiya, sai dai ba abu ɗaya kuka auna ba. Bambancin yakan fara tun kafin a shiga ɗakin gwaji.

Daga ina ɓawonki ya fito? Idan a Kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada kika saye shi a ɗaure, ba ki da hujjar cewa marke ne, domin busasshen ɓawo yana kama da juna, kuma ba ki san watanni nawa ya yi a rana ba. Ga shi suna ɗaya a Hausa yakan rufe itace fiye da ɗaya: kalgo ana kiran Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii duka da shi, ɓaure kuwa danginsa suna da yawa. Abin da ya kamata shi ne ki je gindin bishiyar da kanki tare da mai maganin da ya san ta, ki yanko reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya idan lokacinsu ne, ki danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, ki kai ɗakin adana samfurin tsirrai na Sashen Nazarin Tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello. Za su tantance, su ba ki lamba. Wannan lambar ita ce shaidar haihuwar aikinki, in babu ita ba wanda zai iya maimaita shi. Ki rubuta kwanan wata, da wurin, da sashen da kika ɗiba, da girman bishiyar. Ki kuma lura da cewa an sauya wa wasu itatuwan suna: marke da aka sani da Anogeissus leiocarpa yanzu ana rubuta shi Terminalia leiocarpa, bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica zuwa Vachellia nilotica. Ki nemi ayyukan magabata da sunayen biyu, in ba haka ba rabinsu zai wuce ki.

Ɓawon tsohuwar bishiya da na ƙarama ba ɗaya ba ne, haka wanda aka sassaƙo a watan Agusta da na watan Fabrairu. Na bakin titin Kaduna zuwa Kano kuwa, ko na kusa da juji, ko na gefen gonar da ake feshi, ki bar shi inda yake.

Shanya ma tana da nata. A inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa, a kan tabarma mai tsafta, ana juyawa kullum. Da hunturu ɓawon da aka yayyanka ƙanana yakan bushe cikin mako biyu. Da damina, musamman Agusta a Zariya, sai ya yi fumfuna kafin ya bushe, kuma fumfuna da kanta tana fitar da sinadarai masu kashe bakteriya, ai daga irinta aka samo penisilin. Samfurin da ya yi fumfuna na zubarwa ne. Idan damina ta kama ki, ki yi amfani da tanda ta ɗakin gwaji a kan digiri 40 na ma'aunin Celsius, kada ki wuce 45. Wurin niƙa kuma ki guji injin kasuwa. Injin da ya gama niƙa citta da kanumfari da barkono zai bar miki ragowarsu a cikin gari, kuma man kanumfari sanannen mai kashe ƙwayoyin cuta ne. Turmi da taɓarya da aka wanke suka bushe sun fi miki, sannan ki tankaɗe.

Yanzu tatsa. Ki auna gari giram 100, ki zuba a kwalba mai murfi, ki ƙara lita 1 na itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, ki bar shi awa 72 kina girgizawa safe da yamma. Ki tace da farin ƙyalle, sannan da takardar Whatman mai lamba 1. Ki ƙafe ruwan a na'urar ƙafewa mai juyawa a kan digiri 40, ki ƙarasa busarwa har nauyin ya daina raguwa idan kin auna sau biyu a jere. Danƙon da ya rage shi ne abin gwajinki. Ki auna shi, ki raba da nauyin garin farko, ki ninka da 100, ki rubuta. Mutane da yawa suna ɗora shi a kan tafasasshen ruwa don ya yi sauri, zafin kuwa yana lalata wasu sinadaran. Tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro na artemisinin darasi ne a nan: Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta ba su samu sakamako mai ɗorewa ba sai a 1971 da suka koma tatsar ganyen da ake samun maganin a cikinsa a ƙaramin zafi, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015.

Amma ga wani abu da nake ganin ya fi wannan nauyi a aikinki. Kin ce a gidanku dafa ɓawon ake yi. Ba wanda yake jiƙa shi a metanol, metanol ma guba ne mai makantarwa. Idan tambayar bincikenki ita ce ko abin da mutane ke yi yana da tushe, dole ki haɗa shi yadda suke haɗawa. Ki tambayi mai maganin: ɓawo nawa, ruwa nawa, minti nawa a wuta, ana sa kanwa ko tsamiya? Kanwa tana sauya yanayin ruwan, ta sauya abin da zai narko daga ɓawon. Ki yi irin nasu, ki yi na itanol, ki gwada su gefe da gefe. Na ruwan yana saurin ruɓewa kuma yakan zo da ƙwayoyinsa, don haka ki tace shi ta matatar maikiromita 0.22, ki shafa kaɗan a farantin da ba a shuka komai ba, ki kwana ki gani ko wani abu zai tsiro. Kuma ki nemi yardar mai maganin tun farko, ki gaya masa abin da za ki yi da iliminsa, ki ambace shi a godiya idan ya amince. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan wannan haƙƙin take magana, ko babu ita ma mutunci ya hukunta.

Mu shiga farantin. A nan nake zargin ku biyun kuka rabu.

Abincin ƙwayar shi ne aga na Mueller-Hinton, garin da ake damawa da ruwa ya daskare a faranti, giram 38 a lita ɗaya, a turara a otokilef, wato tukunyar kashe ƙwayoyi da tururi, a digiri 121 na minti 15. Kaurinsa a faranti milimita 4 ne, kimanin mililita 25 a faranti mai faɗin milimita 90. Idan aka yi tsimin aga aka zuba mililita 15, da'ira za ta fito da faɗi fiye da gaskiya, domin maganin ba shi da zurfin da zai nutse sai ya bazu gefe. Idan ya yi kauri, da'ira ta tsuke. Yawan ƙwayar da aka shuka shi ma haka. Ana ɗebo ɗigon ƙwayar da ta tsiro guda uku zuwa biyar daga farantin da ya kwana ɗaya, awa 18 zuwa 24, a dama a ruwan gishiri mai tsafta har duhunsa ya yi daidai da ma'aunin McFarland 0.5, wato kusan ƙwaya miliyan 150 a mililita. Ana haɗa ma'aunin da mililita 0.5 na barium chloride mai kashi 1.175 da mililita 99.5 na sulfuric acid mai kashi 1, kuma idan akwai na'urar auna haske ya kamata ya karanta tsakanin 0.08 da 0.13 a nanomita 625. A girgiza shi kafin a kwatanta, don yana kwantawa a ƙasa. Wadda ta shuka ƙwaya tsararo za ta ga babbar da'ira, wadda ta shuka da kauri ta ga ƙarama, da magani ɗaya. Akwai ƙa'idar minti 15 sau uku: a shafa ƙwayar cikin minti 15 da dama ta, a sa magani cikin minti 15 da shafawa, a kai na'urar ɗumama cikin minti 15. Zafin digiri 35, awa 16 zuwa 18. Idan wuta ta ɗauke da tsakar dare na'urar ta huce, ƙwayar ta rage saurin girma amma maganin ya ci gaba da bazuwa, da safe sai a ga da'ira mai burgewa. Ki ajiye ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a ciki, daren da ya sauka ki sake gwajin.

Wace Staphylococcus ɗin kuka yi amfani da ita? Wadda aka samo daga gyambon majinyaci a asibitin koyarwa na Shika da wadda ta shekara ana juya ta a firijin sashe suna iya zama kamar dare da rana. Shi ya sa ake da ƙwayoyin ma'auni da duniya ta yarda da su: S. aureus ATCC 25923, E. coli ATCC 25922, Pseudomonas aeruginosa ATCC 27853. Ciprofloxacin na maikirogiram 5 ya kamata ya ba da milimita 22 zuwa 30 a kan ATCC 25923. Idan ya fita daga wannan, akwai matsala a aga ko shuka ko zafi, kuma duk farantan wannan ranar ba su da amfani. Bayan na ma'auni sai ki ƙara na majinyata, da izinin kwamitin ɗa'a na asibitin.

Ciprofloxacin shi ne shaida ta farko. Sai shaida ta biyu, wadda ba ki ambata ba: ramin da aka zuba abin narkarwa zalla. Da me kika narka danƙon kafin ki zuba a rami? Idan da metanol ko itanol ne, su kansu suna kashe bakteriya. DMSO ma, wani ruwan narkarwa na ɗakin gwaji, idan ya yi yawa yana hana su girma. Muddin ramin shaida ya ba da da'ira, ba ki san nawa ne na marke a cikin milimita 24 ɗinki ba. Kowane gwaji ki yi shi a faranti uku, a ranaku uku daban, ki kawo matsakaici da yadda suka saɓa. Ki kuma faɗi faɗin ramin, domin da'irar milimita 9 a kan rami mai milimita 8 kusan ba komai ba ce.

Ko da duk wannan ya yi daidai, faɗin da'ira ba ma'aunin ƙarfi ba ne ga danƙon itace. Aga ruwa ne da ya daskare. Sinadari ƙarami mai son ruwa zai yi nisa a cikinsa, mai maiƙo ko mai girma zai tsaya a bakin rami ko da ya fi ƙarfi. Abin da ake dogara da shi shi ne mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar girma, wanda ake taƙaitawa MIC, kuma ana auna shi a faranti mai ramuka 96. Ga yadda za ki yi. Ki narka danƙo miligiram 100 a mililita 1 na DMSO. Ki ɗebi kashi 1 ki cika da romon Mueller-Hinton zuwa kashi 50, kin samu miligiram 2 a mililita. Ki zuba maikirolita 200 a ramin farko, maikirolita 100 na romo zalla a ramukan da ke biye. Ki ɗebi 100 daga na farko zuwa na biyu, ki gauraya, daga na biyu zuwa na uku, har na takwas, ki zubar da 100 ɗin ƙarshe. Ki tsarma ƙwayarki ta McFarland 0.5 kashi 1 cikin 150, ki ƙara maikirolita 100 a kowane rami. Yanzu ramukan suna ɗauke da maikirogiram 1000, 500, 250, 125, har ƙasa zuwa kusan 8 a mililita, DMSO bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba, ƙwaya kuma kusan 500,000 a mililita. Ki bar layi ɗaya na ƙwaya ba magani, ɗaya na romo zalla, ɗaya na DMSO da ƙwaya, ɗaya na ciprofloxacin, ɗaya kuma na danƙo ba ƙwaya. Na ƙarshen nan dole ne ga marke, saboda ruwansa ja-ja ne kuma yakan gurɓata romo, ido ba zai bambance wannan da girman ƙwaya ba. Bayan awa 16 zuwa 20 ki ɗiga maikirolita 40 na INT, sinadarin da ke sauya launi inda ƙwaya ke raye, mai ƙarfin miligiram 0.2 a mililita, ki mayar na'urar ɗumama na rabin awa zuwa awa ɗaya. Inda ƙwaya ke raye zai koma ja-ja mai ruwan hoda. Rami mafi ƙarancin magani da bai juya ba shi ne MIC. Wannan hanyar J. N. Eloff na Afirka ta Kudu ya wallafa ta a 1998 musamman don tsirrai. Idan kina son sanin ko kashewa ya yi ko dakatarwa kawai, ki shafa daga ramukan da ba su juya ba a kan sabon aga, ki kwana.

Masu wannan fanni da yawa suna ɗaukar danƙon da MIC ɗinsa ya gaza maikirogiram 100 a mililita a matsayin mai ƙarfi, 100 zuwa 625 matsakaici, abin da ya haura haka mai rauni. Ki dubi miligiram 200 ɗinki da wannan idon: maikirogiram 200,000 ne. A irin wannan kaurin abubuwa da yawa za su dami bakteriya, har gishirin miya.

Akwai kuma batun tanin, kuma ɗan Zariya ba ya buƙatar dogon bayani a kansa. Majema suna jima fata da bagaruwa ne saboda tanin ɗin da ke cikin kwasonta yana kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi, ilimin da ake koyarwa a cibiyar nazarin fata da ke nan Samaru. Ɓawon marke shi ma yana da tanin sosai, shi ne baurin da ake ji a baki. Tanin ba ya zaɓe: yadda yake kama furotin ɗin bakteriya haka yake kama na romo, da na jikin mutum. Wannan yana iya bayyana abin da ya sa wanke gyambo da shi ko sha don gudawa ke ba da sauƙi, domin a nan yana taɓa wurin kai tsaye. Amma yawancinsa ba ya ratsa hanji ya shiga jini da yawa, saboda haka ba hujja ba ce cewa zai warkar da cutar da ta shiga jini. Ki gwada ki gani: ki raba danƙon biyu, ki girgiza rabi da garin PVPP mai kama tanin, ki tace, ki sake auna MIC. Idan ƙarfin ya ɓace, tanin ne. Idan ya tsaya, kin samu abin da ya cancanci a rarrabe shi da heksen, da ethyl acetate, da butanol a digiri na biyu. Kowanne ya fito sakamako ne mai kyau na rubutawa. Kada kuma ki ji kunya idan E. coli da Pseudomonas suka ƙi ji. Suna da ƙarin fata ta waje da ke tare sinadarai da yawa, kuma an saba ganin haka.

Game da guba, abin da ya kashe bakteriya yana iya cutar da hanta ko ƙoda. Gwajin Lorke na 1983 da ɗalibai suka saba yi a kan ɓeraye, daga miligiram 10, 100, 1000 a kowane kilo har zuwa 5000, yana nuna haɗarin sha ɗaya ne kawai. Bai ce komai ba game da wanda zai sha wata guda. Wannan sai gwajin kwana 28 tare da auna aikin hanta da ƙoda, kuma ba a taɓa dabba sai da izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji na jami'a. A rahotonki kada ki ba kowa shawarar sha ko barin maganin asibiti. Yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da zinc yake buƙata kafin komai. Hanyar daga itace zuwa magani ba rufaffiya ba ce a ƙasar nan: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan don masu cutar sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, karan dafi da itacen Pterocarpus osun, amma sai da ya bi ta gwajin dabbobi da na mutane na shekaru.

Ga jimlar da sakamakonki zai iya ɗauka idan kin gyara: danƙon ɓawon marke, samfuri mai lamba kaza, ya hana S. aureus ATCC 25923 girma a maikirogiram kaza a mililita, ciprofloxacin kuwa a kaza, ƙarfin ya ragu ko bai ragu ba bayan cire tanin.

Saura bishiyar kanta, wadda nake roƙonki ki kula da ita. Duk wanda ya zaga gefen garin nan ya ga maɗaci da marke da hano da aka feɗe su har iya tsawon hannu. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Idan aka kewaye gindi da sassaƙa, saiwa ta yi yunwa, bishiyar ta mutu a tsaye ko da ganyenta ya ɗan jima kore. Maɗaci yana cikin jerin itatuwa masu fuskantar barazana na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, madobiya kuwa sai da aka sa ta a ƙarƙashin takunkumin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin halittu masu fuskantar ƙarewa, saboda sara. Aikinki gaba ɗaya bai buƙaci fiye da giram 300 zuwa 500 na busasshen ɓawo ba. Ki ɗiba daga manyan bishiyoyi uku zuwa biyar maimakon ɗaya, wanda ma ya fi kyau ga binciken. Ki yanki tsiri a tsaye, faɗin yatsu uku, tsawon kamu ɗaya, sama da gwiwa, ba ki zurfafa wuƙa cikin itacen ba, kuma kada abin da aka cire, naki da na waɗanda suka riga ki, ya kai kwata na kewayen gindin. Idan za ki samu reshen da aka datse, ɓawonsa ya wadatar. Mafi kyau ma, ki haɗa da ganyen marke a gwajin: idan MIC ɗin ganye ya yi kusa da na ɓawo, kin ba masu magani dalilin rage sassaƙa, domin ganye yana tohowa kowace damina.

Idan kin gama, farantan da ramukan duka su koma otokilef, digiri 121 na aƙalla minti 30, kafin su shiga shara. Ragowar metanol da DMSO ki tara a kwalba mai alama ki miƙa wa ma'aikacin ɗakin gwajin, kada ki tuttula a magudana, domin ruwan da ya bar harabar Samaru Kubanni yake nufa.